Kafin Ka Ɗora Sifana a Kan Notin Tsohon Inji

Ina yaron gareji aka kawo mana wani tsohon injin niƙa, Lister mai silinda ɗaya, irin mai manyan gare-gare biyu a gefe. Maigidana ya fita sallar La'asar, ya ce in fara kwance ƙananan notuna kafin ya dawo. Na ɗauki sifana mai lamba 13, ta ƙi shiga. Na ɗauki 14, ta shiga amma tana wasa. Na ce ai ta shiga, na ja da ƙarfi. Noti uku na mulmule wa kai kafin ya dawo. Bai yi mini faɗa ba. Ya shiga ciki ya fito da wata baƙar sifana wadda ban taɓa ganin ya yi aiki da ita ba, an rubuta 1/4 W a jikinta, ya ɗora a kan noti na huɗu, ta zauna cif. Notunan ukun nan kuwa sai da suka ci mana yini biyu, don babu irinsu a kasuwa, kuma mai injin yana da mata masu jiran niƙa.

Tun daga ranar na riƙe abu ɗaya. Tsatsa tana cin tsohon inji a hankali, amma sifanar da ta "kusa" dacewa tana lalata shi a minti ɗaya. Saboda haka aikin farko shi ne gano wane irin noti ne a gabanka. Neman makami yana zuwa daga baya.

Mataki na farko: wanke, ka san ɗan wace ƙasa ne

Kada ka auna noti da datti a kansa. Baƙin mai da ƙura da fenti na shekaru suna ƙara masa kauri, sai ka ɗauka babba ne alhali ba haka ba. Sa kananzir da burushin waya ka goge shi har ƙarfe ya fito. Idan kan ƙusa, wato mai haƙori da ake ɗaurawa, mai rami ne, irin na alanki ko mai tauraro, tone ramin da tsinken waya har ƙasa. Rabin alankin da ke zamewa, laka ce ta cika ramin, makamin bai kai gindi ba. Ka zuba man kwance tsatsa tun yanzu, ya yi ta shiga kana sauran bincike.

Sai ka nemi farantin da ke jikin injin, inda aka buga sunan kamfani da lamba. Ƙasar da aka ƙera shi da shekarar ƙirar su ne za su fara ba ka haske, domin ma'auni uku ne suka raba tsofaffin injinan da ke yawo a ƙasar nan.

Na farko na Ingila ne. A shekarar 1841 Joseph Whitworth ya fitar da tsari guda na haƙorin noti, mai kusurwa digiri 55, aka sa masa sunansa. A 1908 aka ƙaro mai ƙananan haƙora, BSF. Injinan Lister samfurin CS da aka yi ta ƙerawa a garin Dursley tun wajen 1930 har zuwa 1987, da Land Rover ta farko ta 1948, da tsofaffin baburan Ingila, duk a kan wannan tsari suke. Na biyu shi ne na inci irin na Amurka, mai kusurwa digiri 60, wanda Amurka da Ingila da Kanada suka haɗu a kansa a 1949, wato UNC mai manyan haƙora da UNF mai ƙanana. Shi za ka tarar a tarakta Massey Ferguson 135 mai injin Perkins. Na uku shi ne na milimita, wanda kowa ya saba da shi: Peugeot 504 da aka yi ta haɗawa a Kaduna, Volkswagen, Mercedes, da duk kayan Japan.

Amma kada ka yarda da farantin ɗari bisa ɗari. Kamfanonin Ingila ba rana ɗaya suka sauya ma'auni ba. A Land Rover ta shekarun 1960 da 1970 za ka ga injin yawancinsa UNF ne, ka gangara giyabos da aksul ka ci karo da Whitworth, sannan waɗanda aka yi daga wajen 1980 milimita ta fara shigowa. Mota ɗaya, ma'auni uku. Akwai ma abin da ya fi wannan: bayan Morris ya sayi masana'antar injin Hotchkiss ta Faransawa da ke Coventry a 1923, an daɗe ana yin injinan Morris da MG da haƙorin milimita amma kan notin na Whitworth. Ka ƙara da cewa inji mai shekara hamsin ya bi ta hannun makanikai da yawa kafin ya iso gare ka, kowa ya cusa abin da ya samu.

Mataki na biyu: auna kan notin

Nan ne aikin yake, kuma nan zan daɗe. Ka mallaki baniya, ma'aunin nan mai baki biyu da masu sassaƙa ƙarfe a inji suke riƙewa. Ko ta roba mai arha ta fi ido. Ka auna daga gefe mai faɗi zuwa gefen da ke fuskantarsa, ba daga ƙusurwa zuwa ƙusurwa ba. Noti mai gefe shida yana da wuraren aunawa uku, ka auna duka, ka riƙe mafi girma, domin sifanar wani ta riga ta cinye sauran.

Lambar da ke jikin sifanar milimita faɗin kan notin take nufi. Haka ma sifanar inci mai alamar AF. Sifanar Whitworth kuwa kaurin jikin ƙusar take faɗa, ba faɗin kai ba. Shi ya sa 1/4 W ta fi 1/2 AF faɗin baki, abin da ke rikita duk wanda bai sani ba. Kuma lokacin Yaƙin Duniya na Biyu an rage girman kawunan Whitworth da mataki ɗaya don tsimin ƙarfe, suka koma daidai da na BSF. Saboda haka za ka ga sifana ɗaya da lamba biyu, kamar 1/4 W da 5/16 BS. Ba kuskure ba ne.

Ga faɗin bakin kowace a milimita, ka rubuta a bangon gareji:

3/16 W ko 1/4 BS: 11.30
1/4 W ko 5/16 BS: 13.34
5/16 W ko 3/8 BS: 15.24
3/8 W ko 7/16 BS: 18.03
7/16 W ko 1/2 BS: 20.83
1/2 W ko 9/16 BS: 23.37
9/16 W ko 5/8 BS: 25.65

Dubi lambobin da kyau za ka ga inda haɗarin yake. A kan 18.03, sifana 18 takan zauna lafiya. A kan 20.83, mai lamba 21 za ta iya fitar da kai idan soket ce mai gefe shida. Amma 11.30 da 13.34 da 15.24 da 23.37 ba su da 'yar'uwa a akwatin milimita ko na AF. Ta ƙasa ba ta shiga, ta sama tana wasa da wajen rabin milimita ko fiye. Kuma su ne notunan da suka fi yawa a jikin inji. Mai lamba 13.34 ɗin nan ita ce ta kayar da ni a kan Lister.

Tsakanin AF da milimita ma akwai masu jituwa da marasa jituwa. 5/16 da 8, 7/16 da 11, 5/8 da 16, 3/4 da 19, waɗannan sun yi kusa sosai har ana musanya su ba tare da ɓarna ba. 1/2 kuwa 12.70 ce, sifana 13 tana wasa a kanta, kuma idan notin ya cije za ta zame. 9/16 ita ce 14.29: 14 ba ta shiga sai da guduma, 15 ta yi yawa.

A ƙananan kaya na lantarki, irin su dinamo da distiributa na motocin Ingila, akwai wani tsarin dabam mai suna BA. A wannan, lamba tana ƙaruwa ƙusa tana ƙanƙancewa. Kan 2BA ya ɗan haura milimita 8, na 4BA ya ɗan haura 6. Idan 8 ta ƙi shiga 9 ta yi yawa a kan ƙaramin noti mai riƙe waya, to ka san wanda ka samu.

Ko cikin milimita ba a taru an zama ɗaya ba. Ƙusa mai kauri 8, Bajamushe yana yi mata kai 13, ɗan Japan 12. Mai kauri 10, Bajamushe 17, ɗan Japan 14, sabon tsari 16. Faransawa kuma suna son ƙusa mai kauri 7 da kai 11, wadda sauran ƙasashe ba su cika amfani da ita ba. Mai gyaran tsohuwar Peugeot ya adana duk ƙusa 7 da ya cire, don ba kowane shago ke da ita ba.

Mataki na uku: ƙirga haƙori

Kan noti yana gaya maka sifanar da za ka ɗauka. Haƙori, wanda a gareji muke ce wa tiredi, shi ke gaya maka abin da za ka mayar. Auna kaurin jikin ƙusar da baniya, sannan ka ƙirga haƙora. Akwai ma'auni mai ganyaye kamar wuƙar aljihu, kowane ganye da nasa haƙora, kana gwadawa har ka sami wanda ya zauna babu haske tsakani. Ka sayi mai milimita da mai inci. Idan babu, shafa wa ƙusar ɗan baƙin mai, ka danna ta a kan farar takarda, ka ƙirga layukan da suka fito cikin inci ɗaya, wato milimita 25.4.

A ƙusa mai kaurin 1/4, Whitworth da UNC haƙora 20 ne, BSF 26, UNF 28. A 5/16, 18 ne, BSF 22, UNF 24. A 3/8, 16 ne, BSF 20, UNF 24. Ka ga ke nan Whitworth da UNC adadinsu ɗaya a yawancin girma, shi ya sa notin ɗaya yake hawa ƙusar ɗaya. Sai a rabin inci suka rabu: Whitworth 12, UNC 13. Ko inda suke hawa juna, kusurwar ba ɗaya ba ce, 55 da 60, don haka haƙoran ba su kwanta a jikin juna sosai ba. A murfi ko maƙalin bututu ana iya lallaɓawa. A kan silinda, ko konrod, ko gare, ni ban yarda ba, kuma ba na barin yarona ya yi.

Tarkon da ya fi kama mutane a garejinmu shi ne ƙusa 8 ta milimita a ramin 5/16. Kaurinsu kusan ɗaya ne, 8 da 7.94. Za ta shiga zagaye biyu ko uku da yatsa, sai ta tsaya. Mai gaggawa ya ɗauka datti ne ya sa sifana, ya yanka sabon haƙori a kan tsohon, ramin ya mutu. Ka riƙe wannan: ƙusar da ta dace tana tafiya da yatsa har ƙasa a rami mai tsabta. Idan ta tsaya a zagaye na uku, ba tata ba ce.

Mahaɗan bututun mai da ruwa su ma haka. BSP na Ingila mai 1/8 haƙora 28 ne, NPT na Amurka 27, ga kuma 10 ta milimita mai tazarar haƙori 1. Dukansu uku suna kama da juna a ido, kuma a nan ake ɗaura makunnin fitilar mai. Wanda ya cusa na wani a ramin wani zai yi ta fama da yoyo, ko ya tsaga wurin.

Wasu notunan Ingila suna faɗin sunansu da kansu. Na UNF da UNC sukan zo da jerin ƙananan da'irori a gefe ɗaya, ƙusar kuma da ɗan lotsawa zagayayye a ka. Lamba 8.8 ko 10.9 a kan ƙusa alamar milimita ce, kuma ƙarfinta take faɗa. Layuka uku ko shida a kai alamar inci ce ta Amurka.

Mataki na huɗu: kawunan da ba gefe shida ba

Ƙusoshin gicciye a jikin tsohuwar Honda ko Yamaha ko Suzuki, musamman a murfin inji da kafireta, ba Phillips ba ne ko da yake sun yi kama. Tsarin Japan ne mai suna JIS, sau da yawa da ɗan ɗigo guda a gefen gicciyen. Sukudireban Phillips ba ya zama daram a cikinsu, yana tasowa idan ka murɗa, sai ya cinye ramin. Duk tsohon babur da ka gani da ƙusoshin murfi a ragargaje, wannan ne sanadi. Nemi sukudireban JIS, ko mai bugu, wanda ake dukan gindinsa da guduma yana juyawa da kansa. Gicciye mai ƙananan layuka huɗu tsakanin hannuwansa kuma Pozidriv ne, shi ma da nasa.

Rami mai tsini goma sha biyu iri biyu ne, kuma suna yaudara. Jamusawa suna amfani da XZN, wanda murabba'i uku ne aka ɗora a kan juna, kusurwar kowane tsini digiri 90. Za ka gan shi a wasu injinan dizal na Mercedes da mahaɗan aksul na Volkswagen. Ɗayan kuma gefe shida ne sau biyu, kusurwa 120, irin na ƙusoshin kan silinda a wasu injinan Toyota. Makamin ɗaya yana shiga ramin ɗaya amma tsini kawai yake kamawa, kuma a ƙusar kan silinda ƙarfin ɗaurin ya isa ya share tsinin gaba ɗaya. Haska tocila ka dubi siffar tsinin kafin ka saya. Torx mai tsini shida bai fito ba sai 1967, don haka idan ka gan shi a injin da ya girme wannan shekara, wani ne ya sa shi.

Kai mai gefe huɗu yana son soket mai tsini takwas. Motocin Faransa da yawa murfin zubar da baƙin mai rami ne mai gefe huɗu na milimita 8. Notin bututun nozul a injin dizal yana son sifanar zobe mai tsaga a baki, wadda bututun ke wucewa ta tsagar ta kama gefe biyar. Buɗaɗɗiyar sifana tana matse irin wannan noti ta lanƙwasa shi. A Honda CG125 akwai noti mai tsaga huɗu a kan matatar mai da ke juyawa a cikin inji. Yawancin masu gyara da kurfi da guduma suke fitar da shi, kuma duk bugun yana sauka a kan boris ɗin karanshaf.

Garen Lister kuwa ba noti ke riƙe shi ba. Wani maɓalli ne mai kai, siriri a gaba mai kauri a baya, da aka buga tsakanin garen da sandar. Ana zare shi ne da ƙarfe mai siffar tsinke da ake cusawa tsakanin kan maɓallin da cibiyar garen, ana bugawa a hankali. Idan kan ya karye, aikin sa'a guda ya zama na mako. Jiƙa shi da mai kwana biyu kafin ka taɓa shi.

Kafin ka ƙara bututu a hannun sifana don noti ya ƙi motsi, tsaya ka dubi haƙoran da suka leƙo. Wasu notunan na hagu ne, ana kwance su ta inda ake ɗaure sauran. Tayoyin gefen hagu na manyan motoci da yawa haka suke, da madubin dama na Yamaha, da notin fanka a wasu injina. Alamarsu harafin L, ko 'yar tsaga a ƙusurwoyin notin. Idan ka tsayar da ƙusa, haƙorin dama yana hawa ta dama, na hagu ta hagu. Ka kuma duba ko akwai fil ko washa mai harshe da aka lanƙwasa ta kulle notin, don datti yakan ɓoye su.

Mataki na biyar: inda za ka samo makamin

Shagon sababbin kaya ba kasafai yake ajiye Whitworth ba. Ka nufi masu gwanjon kayan aiki a Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna, ka tona tarin tsofaffin sifanu. Ka tafi da baniyarka da noti guda mai lafiya a aljihu. Kada ka tambayi mai kaya da suna, mai yiwuwa bai san sunan ba. Nemi harafin W ko BS ko BSF, da sunaye irin su King Dick da Britool, sannan ka gwada a kan notinka, don tsohuwar sifana bakinta yakan buɗe. Dattawan da suka yi gyaran injin niƙa da famfon ruwa su ma sukan ajiye irinsu. Ka je da ladabi, ka ce Baba ga abin da ya kawo ni, sau da yawa za a ara maka, wani lokaci har a nuna maka yadda ake yi.

Idan ba ka samu ba, ƙera taka. Ɗauki buɗaɗɗiyar sifana 13 mai kyawun ƙarfe, ka ci bakinta da magagari kaɗan-kaɗan, gefe biyu daidai, kana aunawa har ta kai 13.34. Haka 15 zuwa 15.24, 11 zuwa 11.30, 23 zuwa 23.37. Idan da injin gurza za ka yi, ka riƙa tsoma ta a ruwa, don zafi yana kashe taurin ƙarfe. Ka yi mata alama da jan fenti kada ta koma cikin na milimita. Makamin notin Honda mai tsaga huɗu ma ana yin sa daga tsohuwar soket: a gurje bakinta a bar haƙora huɗu.

A kan noti mai tauri, soket mai gefe shida ce gaba da komai, don gefen take kamawa ba ƙusurwa ba. Sai zobe mai gefe shida, sai mai tsini goma sha biyu, sai buɗaɗɗiya. Sifana mai daidaitawa da filaya mai kulle, aikinsu riƙe ɗaya ɓangaren ƙusar ne kawai yayin da kake kwance notin.

Mataki na shida: idan kan ya riga ya mulmule

Wani lokaci haka za ka gaji aikin. Fara da magagari, ka fitar da sababbin gefe biyu masu faɗi, ka sa ƙaramar sifana. Idan bai yi ba, buga soket mai gefe shida da ta ɗan gaza shi. Idan har yanzu, kai wa mai walda ya ɗora sabon noti a kan tsohon ya cika tsakiyar. Zafin waldar kansa yana karya tsatsa, kuma da ya ɗan huce sai ka juya. Cire batir tukuna, ka nisantar da fetur da bututun mai. Idan da wuta za ka gasa, noti za ka gasa don ya buɗe, ba ƙusar ba, kuma a jikin alminiyam ka yi sannu, don ba ya yin ja kafin ya narke.

Ƙusa marar kai mai haƙori sama da ƙasa, irin wadda ake dasawa a bulok, ana fitar da ita da noti biyu: ka ɗaure su da juna, ka juya na ƙasa. Ka lura sau da yawa haƙorin da ke cikin bulok manya ne, na sama ƙanana, saboda haka ka auna kowane gefe dabam. Ramin da haƙorinsa ya mutu ana iya sa masa zoben waya irin na Helicoil ya koma girmansa na asali. Ka nemi na ma'aunin ramin. Kada ka bari a buɗe shi zuwa milimita don sauƙi, in ba dole ba. Idan dolen ta kama, ka buga alama a gefen ramin, domin makanikin da zai zo bayanka.

Notunan kan silinda ana sassauta su ne daga waje zuwa tsakiya, kwata-kwatan zagaye, ana zagayawa sau biyu ko uku, don kada kan ya karkace. Duk ƙusar da ta fito, soka ta a kwali a daidai wurin da take a jikin injin, ka zana siffar murfin a kwalin, ka rubuta ma'aunin da ka samu a gefenta. Waɗanda kansu ya ɗan ci amma haƙorinsu lafiya, kada ka zubar. Ka jiƙa su a kananzir cikin gwangwani dabam mai rubutun W, domin masu sassaƙa ƙarfe za su buƙaci samfur idan za su yanka maka sabo, kuma ka gaya musu a fili cewa kusurwar 55 ce.